Gadon Da Alƙali Ba Ya Rabawa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Bayan haka:

Ya ku malamai da fatake na Kazaure da Roni da Gwiwa har zuwa Babura, kun sani idan mutum ya cika, akan raba gonarsa da gidansa da bisashensa bisa shari'a, mai tumuni ya ɗauka, mai sudusi ya ɗauka. Amma akwai gadon da ba ya shiga wannan lissafi, watau halin gida da sana'ar gida. Shi tun mai shi yana numfashi ake karɓarsa. In an yi sakaci, tare da shi za a binne.

A zaure aka saba karɓarsa. Nan ɗan malami yake zama gefen ubansa, ya ga yadda ake fiƙe alƙalamin gamba, a haɗa tawada da gawayi da ƙaro, a wanke allo a jingine. Ba wanda ya ce masa koyi, ido ne ya ɗauka, hannu ya bi. Nan kuma ɗan falke yake ganin uban ya rubuta bashi da ajami, ya cika mudu har ya yi tozo, ya tashi ya tari baƙo ya ba shi buzunsa. A cikin gida ma haka yarinya take ɗaukar daka da kunya wajen uwa da kaka.

Magabata da kansu ta wannan ƙofa suka bi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya rasu a 1817, wajen mahaifinsa ya karanta Alƙur'ani. Ƙanensa Abdullahi ya jera malamansa cikin littafin Ida'un Nusukhi, da yawansu dangi ne na jini. Nana Asma'u kuwa a gidan ubanta ta zama abin da ta zama.

To, yau wanda ya bi hanyar Kano zuwa Daura ta cikin Kazaure zai ga zaure da yawa an fasa masa ƙofa ta waje an mai da shi shago. Ban zargi neman halal ba, ni ma abinci nake ci. Abin da nake kuka da shi, uba ya fita tun asuba sai bayan lisha, ɗa kuwa an miƙa wa malamin allo ko na boko an ce a yi masa tarbiyya. Malami mai almajirai cike da rumfa zai iya biya wa yaro harafi, amma ina zai sami sukunin nuna masa yadda kakansa yake riƙon amana?

Gidajen malamai ma ba su tsira ba. Akwai yaron da ya sauke da bugun Hafsu, a buɗe masa gafakar kakansa, rubutun hannu ruwayar Warshu, sai ya tsaya yana ƙifta ido. Mun yi ta ƙorafi a 2007 da aka cire ajami daga ƙananan takardun naira, alhali wani mai ƙorafin ɗansa ba ya iya karanta wasiƙar da ya rubuto masa daga fatauci.

Ba kowace al'ada nake roƙo a raya ba. Camfi da almubazzarancin biki su tafi, Allah ya raka taki gona. Roƙona ga mai shago, ya bar wurin tabarma ɗaya a gefensa, yaro ya zauna nan daga la'asar zuwa magariba, ya riƙe masa littafin bashi.

Haza wasalam.