Kiɗan na'ura: sai baƙo ya yaba sannan 'yan gida su saurara?

Akwai wasu manya a ƙasar nan, 'yan bariki da alhazan kasuwa, waɗanda da zarar sun ji kiɗan na'ura na tashi daga salular yaro sai su murtuke fuska, su ce tarbiyya ta lalace, Amurka ta cinye 'ya'yan Nijar. Amma ranar bikin ɗiyarsu, su ne ke aikawa a ɗauko mai fiyano da manyan lasifikoki, a hana unguwa barci. To, wace magana za a kama?

Gaskiya ne an haifi hip-hop a unguwar Bronx ta birnin New York wajajen 1973, a hannun 'ya'yan talakawa baƙar fata. Sai dai jera magana bisa kiɗa, da kirari da zambo da habaici, ba baƙo ba ne a Maraɗi ko Damagaram. Maroƙa da 'yan kama sun daɗe da shi. Abin da ya ja samari shi ne araha. Yaro guda da kwamfuta guda ya isa ya ɗora ganga, ya yanko ɗan sautin gurmi, ya haɗa da salon Indiya, sannan ya faɗi damuwarsa da Hausa ko Zabarmanci. Haka ƙungiyoyi irin su Lakal Kaney da Kaidan Gaskia suka yi tashe a Yamai a farkon shekarun 2000, suna faɗin abin da 'yan siyasa ke rufewa.

Masu cewa kiɗan na'ura baƙo ne su tuna da Mamman Sani. Tun 1978 ya ɗauki kiɗan fiyanon lantarkinsa a gidan rediyon ƙasa, aka yi shekaru ana jin sa tsakanin shirye-shirye, mutane da yawa ba su ko san sunansa ba. Sai a 2013 wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya sake fitar da aikin, duniya ta ji. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, a Sakkwato ya ɗauki Anar a 2008, da na'urar gyaran murya irin ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bi salula zuwa salula har ƙetaren hamada, kafin kamfanin Matador ya fitar masa da Afrique Victime a 2021. Hama, ɗan Yamai, ya zuba karin Buzaye cikin kiɗan lantarki, Houmeissa ta fito a 2019. Ita ma baƙi suka buga ta.

Rashin sani ya sa kaza ta kwana kan dami. Baƙo ya taso daga wata uwa duniya ya ga haja, ɗan kasuwar gida bai gani ba. Shi ribarsa ita ce ya cika wa mutane katin salula da waƙoƙi ɗari, ya karɓi kuɗi, mawaƙi bai ga ko dala ba. Wanda zai kai ƙara idan an saci turmin atamfarsa, yaya ya halatta wa kansa gumin wani? Ma'aikacin da aka damƙa wa al'adu kuwa ba ya tuna mawaƙi sai ranar tarbar baƙi.

Ba a musun cewa wasu waƙoƙin na ɗauke da batsa da zagi. Waɗannan a tsawata musu. Amma ba a ƙone rumbu saboda ɓera, kuma kiɗan gargajiya ma bai rasa nasa ba.

Abin da ya kamata a bayyane yake. Gidajen rediyo da masu sayar da waƙa su biya haƙƙin mai ita, ofishin kare haƙƙin mawallafa shi bi sawu. Attajirin da ke gina kantuna shi gina ɗakin ɗaukar waƙa guda a Maraɗi ko Tawa. In ba haka ba, gobe jikokinsu za su sayi kiɗan garinsu daga waje, da kuɗin waje. Allah shi kyauta.