Wa ke gadin rumbun masu ilmi?

Zuwa ga Edita,

Ina roƙon ka ba ni filina na kowane mako, in yi magana a kan wata irin sata wadda ba a haura katanga, ba a fasa ƙofa.

Malaman jami'a masu bincike yanzu ba a gafaka ko adaka su ke ajiye aikinsu ba, cikin kwamfuta ne. Ɓarayin intanet kuwa sun gane haka. Sukan shiga su kulle aikin mutum na shekara goma da makullinsu, sa'an nan su ce a kawo kuɗin fansa.

Ku dubi abin da ya sami Jami'ar Maastricht ta ƙasar Holan. Cikin watan Oktoba na 2019 aka aika wa ma'aikatanta wasiƙun yaudara ta imel, aka buɗe, ɓarayi suka sami hanya. Ba su yi garaje ba. Wata biyu suna zagayawa cikin na'urori ba wanda ya farga, sai ran 23 ga Disamba, ana shirin hutun Kirsimeti, suka kulle su. Har da wani sashi na kwafen da aka ajiye don irin wannan rana, gama yana haɗe da sauran. Kai, mu akawuna ko ɗan koyo a cikinmu ya san ba a ajiye takarda da kwafenta cikin fayil guda! Jami'ar ta biya kusan Yuro 200,000 kafin ta sami makulli.

Na babban ɗakin karatu na Ingila, watau British Library, ya fi ban tausayi, don malamanmu ma suna neman littattafai can. A watan Oktoba na 2023 wata ƙungiya mai suna Rhysida ta auka masa, ta nemi wajen fam 600,000. Hukumar ɗakin ta ƙi biya, ni kuwa na ce ta yi daidai, amma ɓarayin suka watsa abin da suka kwashe. Littattafai na nan kan kanta, ba ko ɗaya da ya ƙone, sai dai rajistar da a ke nemo su da ita ta tafi, ba ta fara dawowa ba sai Janairu na 2024. Cikin rahoton da suka buga a watan Maris na 2024 sun ce ƙofar da su ke zaton an bi ba ta da kuba ta biyu, watau kalmar sirri kaɗai ta isa a shiga.

Wasu na cewa ai kowane malami ya tsare nasa. Ban yarda ba. Likita mai binciken zazzaɓin cizon sauro ba maƙeri ba ne, ba a ce ya ƙera kwadon ɗakinsa. Abin da ya ke bukata shi ne ma'aikata masana wannan sha'ani, waɗanda za su zauna da shi tun ran da ya fara aiki, su tambaye shi me zai tara, wa ya kamata ya gani, ina za a ɓoye kwafe nesa da layi. Su koya masa gane wasiƙar ƙarya. In kuwa ya riga ya buɗe ta, ya san wanda zai kira ko da tsakar dare ne, ba tare da tsoron a yi masa faɗa ba, don mai jin kunya ɓoyewa ya ke yi, ɓarawo ya sami wata biyunsa.

Kada kuma a manta cikin kwamfutar nan akwai sunayen majiyyata da na talakawan da suka amsa tambayoyi bisa amana. Saboda haka ina roƙon hukumomin da ke ba da kuɗin bincike, in sun zo kasafi, su ware rabon masu gadin nan a rubuce, kamar yadda su ke ware na mota da na takarda.

Wassalam.

Naka,
Akawu