Dandalin Iyali: Wane Dutse Za Mu Kai Yara Bana?

  

Kamar yadda kowa ya sani, duk shekara idan hutun makaranta ya gabato, iyayen yaran Islamiyyarmu ta nan Abossey Okai sukan haɗa kuɗi a ɗauki bas guda a fita da yara shan iska. Bana an yi ittifaƙi a kan cewa ba za a koma bakin teku ba, saboda abin da idanun yara ke gani a can, da kuma fargabar ruwa. Aka ce a nufi tudu. To amma wane tudu? Nan ne magana ta rabu, har wasu samarinmu suka shiga nuna wa dattawa hotuna a waya na duwatsun ƙasashen sanyi, inda ake zamiya a kan dusar ƙanƙara, suna cewa waɗannan su ne wuraren shaƙatawa, namu kuwa tsibin ƙasa ne kawai. Wannan kuɗi da ake magana a kansa na mai sayar da koko da ƙosai ne, da na yaron shagon kayan mota, kuma yaran da za a ɗauka amana ce ta mutane. Saboda haka muka ga ya dace mu auna wuraren nan a fili, kowa ya ji.

Bari mu fara da abin da samarin suka nuna, domin ba ƙarya suka yi ba. Turawa idan za su gwada wurin zamiya da ɗan uwansa, sukan dubi tsawon dutsen, da yawan hanyoyin gangarowa, da ko ƙanƙarar tana zuba a kan lokaci, da tsawon layin da mutum zai bi kafin keken igiya ya ɗauke shi zuwa sama. A kan wannan ma'auni Shamoni ta ƙasar Faransa, wadda take gindin dutsen Mon Blan, ta yi suna tun 1924 da aka yi gasar Olamfik ta hunturu ta farko a cikinta. Amma magidanci Musulmi da ya tafi da iyalinsa yana da wasu tambayoyi da ba sa cikin lissafin nan: ina zai yi alwala, wa ya yanka naman da za a sa masa, kuma ina uwargida za ta zauna ba tare da an kewaye ta da kwalabe ba? Idan aka auna da wannan mudu, mu a ganinmu dutsen Uludag na Turkiyya ya sha gaba. Tsayinsa mita 2,543 ne, kuma keken igiya yana tashi ne daga cikin garin Bursa, tsohuwar hedkwatar Daular Usmaniyya, ta yadda mutum zai yi wasa da ƙanƙara da hantsi, ya sauko ya yi La'asar a babban masallacin garin. Ukaimeden ta Maroko, da ke kan duwatsun Atlas kudu da Marrakesh, ta fi kusa da mu, ita ma ƙasar Musulmi ce, sai dai ƙanƙararta ba ta da alkawari. Akwai shekarar da mutum zai je ya tarar da duwatsu tsirara.

Kada kuma ƙyalƙyalin hoto ya ɗauke mana hankali. A watan Janairu na 2025 gobara ta tashi cikin dare a wani otal a Kartalkaya, wani wurin zamiya a Turkiyya, mutum 78 suka rasu, da yawansu yara ne da iyaye suka kai hutun makaranta. Allah Ya jiƙansu. Wanda ya ga hoton otal ɗin kafin ranar nan ba zai ga komai ba sai kyau.

Ga samarinmu masu sha'awar abin, ba mu ce su fid da rai ba. Kwame Nkrumah-Acheampong, wanda ya wakilci Gana a gasar hunturu ta Bankuba a 2010, bai koyi zamiya a kan wani dutse ba. Ya koya ne a wani ɗakin ƙanƙarar inji a Milton Kins ta Ingila, inda yake aiki. Amma kuɗinmu na bana bai kai filin jirgi ba, balle Bursa, don haka mu dawo gida.

Hawa tudu domin gudun zafi ba al'adar Turawa kaɗai ba ce. Mutanen Makka tun da daɗewa sukan haura Ɗa'ifa idan zafi ya tsananta, kuma alhazanmu da suka leƙa can sun ga abin da ya sa. A nan ƙasar ma abin da ya haifar da wurin shaƙatawar Aburi ke nan. A 1875 Turawan mulki suka gina wurin jinya da hutawa a kan tudun Akwapim domin ma'aikatansu da zafi da zazzaɓin Ankara suka galabaitar, sa'annan a 1890 aka buɗe lambun itatuwan da muke zuwa a yau. Tafiyar ba ta kai kilomita 40 ba daga nan. A bi ta Madina, a wuce Adenta da Ayi Mensah, mota ta fara hawa, a wuce gidan shugaban ƙasa na Peduase, kafin yara su gama cin abin da aka ƙunsa musu an iso. Tudun bai wuce mita 400 da 'yan kai ba, abin da samarinmu za su yi wa dariya, amma duk wanda ya baro hayaniyar Kaneshie da hayaƙin gareji ya sauka a ƙarƙashin jerin dogayen itatuwan nan na bakin ƙofa zai ji bambanci a ƙirjinsa tun kafin a gaya masa.

Abin da ya ɗaga Aburi a wurinmu shi ne ba ta ware kowa. Kaka mai ciwon gwiwa za ta samu inuwa ta shimfiɗa tabarma, mai goyo za ta zauna kusa da ita, yara kuwa su yi ta gudu a kan ciyawa ana ganinsu daga nesa, ba rami ba kogi. Malami mai basira zai tsaya da ɗalibai a gindin tsohon rimin nan, ya nuna musu itatuwan kayan ƙamshin da suke gani kullum a tukunyar iyayensu amma ba su taɓa ganin uwarsu ba. In lokaci ya ba da dama a ƙarasa Mampong, a ga gonar da Tetteh Quarshie ya shuka kokon da ya zo da shi daga Fernando Po a 1879. Aibinta guda ne, kuma babba ne: ranakun hutun gwamnati lambun kan cika da jama'a da manyan lasifikoki, har mutum ya rasa inda zai ta da kabbara cikin natsuwa. Maganin wannan shi ne a je a tsakiyar mako, da butoci da jarkokin ruwa da abincinmu daga gida, ko a tsaya a Zangon Madina a sayi wake da shinkafa.

Kwahu kuwa ba sai mun gabatar da ita ga mutumin Abossey Okai ba, tun da da yawa daga maƙwabtanmu masu shagunan kayan mota 'yan can ne, kuma muna ganin yadda suke rufe shaguna su tafi gida lokacin Ista. Ta fuskar kyan gani ta fi Aburi nesa ba kusa ba. Dutsen yana tsaye a kan garin Nkawkaw kamar bango, hanya tana nannaɗe da shi har zuwa Atibie da Mpraeso da Abetifi, inda hazo kan sauka da safe har a nemi rigar sanyi. Tun 2005 ake yin bikin tashi da laima daga ƙolin Odweanoma kusan kowace shekara, mutum ya yi tsalle daga dutse tare da gwani, iska ta ɗauke su har su sauka a filin ƙwallo na Nkawkaw. Wannan shi ne abin da ya fi kusa da wasan da samarinmu suka gani a waya. Sai dai bikin yana faɗowa ne a tsakiyar shagalin Ista, lokacin da titunan garuruwan ke cika da kiɗa da shaye-shaye har wayewar gari, masauki ya yi tsada, hanya ta cushe. Muna girmama maƙwabtanmu da bikinsu, amma ba wurin da za mu kai 'yan mata masu hadda ba ne a wannan mako. A sauran shekara kuwa Kwahu wuri ne mai natsuwa, kuma akwai Zango a Nkawkaw inda za a samu masallaci da abinci ba tare da tambaya ba. Matsalar ita ce tafiyar ta kai wajen kilomita 150 a kan hanyar Kumashi, wadda duk direban da ke cikinmu ya san halinta da manyan motoci, musamman in dare ya yi wa mutum a dawowa.

Wanda yake son dutse na haƙiƙa sai ya haye gadar Adomi ya nufi yankin Bolta. A can Afadjato yake, wanda littattafan makaranta suka sanya tsayinsa mita 885, ana hawansa daga ƙauyen Liati Wote. Babu keken igiya, babu matakala mai daɗi. Ƙafa ce da gumi da kama saiwa. Kusa da shi akwai magangarar ruwa ta Wli, gabas da Hohoe, inda ake tafiyar kusan minti 45 a cikin kurmi ana tsallake rafi ta kan ƙananan gadoji, har a iso inda ruwa ke zubowa daga sama, dubban jemagu suna rataye a jikin dutsen. Duk cikin wuraren nan babu inda yaro zai fi fahimtar abin da Suratul Gashiya ke nufi da ta ce a dubi yadda aka kafa duwatsu. 'Yan uwanmu masu karanta shafukan Faransanci, waɗanda suka san Kpalime da dutsen Agu na Togo mai mita 986, za su gane wurin, domin jerin duwatsun ɗaya ne, iyaka ce kawai ta raba.

Amma wannan ba tafiyar yini guda ba ce, duk abin da mai bas zai faɗa. Wanda ya tashi bayan Asuba zai isa rana ta take, ya hau a gajiye, ya kamo hanya cikin duhu. Sai da kwana, kuma kwana da yara sittin yana bukatar mata masu kula da 'yan mata, da masauki da aka gani da ido tun kafin ranar. Zangon Hohoe zai iya taimakawa idan an aika da wuri. Sa'annan kada a manta da Kintampo. A watan Maris na 2017 guguwa ta kayar da itace a kan ɗalibai da ke wanka a magangarar ruwan can, kusan mutum 20 suka rasu. Saboda haka duk wurin da ya haɗa ruwa da manyan itatuwa, in hadari ya taso a fito da yara nan take, ko da yanzu aka biya kuɗin shiga.

Akwai kuma mas'alar salla, wadda wasu iyaye suka tambaya. A mazhabarmu ta Malikiyya nisan da ake yin ƙasaru shi ne mil 48, kimanin kilomita 80. Ke nan mai zuwa Aburi zai cika sallarsa, Kwahu da Hohoe kuwa sun wuce wannan nisa. Sai dai Muhtasar na Shaihu Halil ya fitar da wanda ya yi tafiya domin wargi zalla daga wannan sunna, don haka kwamiti ya zauna da liman ya bayyana masa manufar tafiyar, shi ya faɗi abin da za a yi, kada a bar wa kowane malami ya yanke nasa a bakin hanya.

Shawararmu dai ita ce bas ɗin bana ya nufi Aburi, ranar Talata ko Laraba, da yara da iyaye mata da duk dattijon da yake da sha'awa. Abin da ya rage na kuɗin a ajiye wa 'yan babban aji maza, waɗanda suka haura shekara 14, su tafi Afadjato da kwana ɗaya bayan ruwan sama ya ɗauke, da malamai biyu da wani magidanci da ya san hanya. Samarin da suka nuna hotunan ƙanƙara su ne za su ɗauki jarkokin ruwa zuwa ƙoli. Kwahu a bar ta ga magidancin da zai je da iyalinsa shi kaɗai a watan da ba na Ista ba.

Iyayen da suke son 'ya'yansu su shiga ɗaya daga cikin tafiyoyin biyu su kai suna wurin shugaban malamai kafin Juma'a ta biyu bayan fitowar wannan mujalla, tare da bayanin duk yaron da ke da asma ko ciwon sikila, domin sanyin tudu da wahalar hawa sukan tayar da su. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah Ya yarda.