Raddi ga Mai Cewa Babu Siyasa a Fim Ɗin Street Fighter

Wani ɗan'uwa marubuci ya yi iƙirarin cewa fim ɗin Street Fighter na 1994 naushi ne da hauri kawai, wai mai neman siyasa a cikinsa yana neman jini ne a jikin babe. Na bi hujjojinsa ɗaya bayan ɗaya, kuma ban gamsu ba.

Ya fara da cewa asalin fim ɗin wasan bidiyo ne na kamfanin Capcom da ya fito a 1991, wasan da ba shi da wani labarin kirki, don haka ina siyasa za ta samu wurin zama? Wannan hujja kansa take komawa. Da yake babu labari, sai da Steven de Souza, wanda ya rubuta fim ɗin kuma ya ba da umarni, ya ƙirƙiro nasa. Me ya ƙirƙiro? Ƙasa mai suna Shadaloo a kudu maso gabashin Asiya da yaƙin basasa ya ɗaiɗaita, da Janar Bison da ya yi garkuwa da ma'aikatan agaji yana neman dala biliyan 20 cikin kwana uku, da rundunar ƙasa da ƙasa mai shuɗiyar hula. Fim ɗin ya fito a Disambar 1994, watanni 14 bayan artabun Mogadishu, a shekarar kisan kiyashin Ruwanda, ana tsakiyar yaƙin Bosniya. Duk mai sauraron rediyo a lokacin ya san hular wace ce.

Sai ya ce ai Bison abin dariya ne, ba a ɗaukarsa da gaske. Gaskiya Raul Julia, wanda ya rasu kafin fim ɗin ya fito, ya zuzuta rawar Bison ɗin. Amma a duba abin da ake dariyar a kansa. Bison ya buga takardun kuɗi masu hoton fuskarsa, yana biyan abokan cinikinsa da su. A Janairun 1993 Mobutu, shugaban Zaire, ya biya sojojinsa da sabuwar takardar kuɗi ta zaire miliyan 5, 'yan kasuwa suka ƙi karɓa, sojoji suka wawashe Kinshasa, har jakadan Faransa ya rasa ransa. Ga kuma wurin da wata jarumar fim ɗin, Chun-Li, ta tsaya gaban Bison tana ba shi labarin ranar da aka kashe mahaifinta a ƙauyensu. Shi ko a jikinsa, bai ma tuna ba. A wurinsa rana ce kamar kowace rana. Wanda ya taɓa rayuwa a ƙarƙashin mulkin kama-karya ba zai ga raha a nan ba.

Batun cewa tara jaruman ƙasashe daban-daban alama ce ta haɗin kan al'umma kuwa ba ya buƙatar dogon bayani. A wasan, Ryu ɗan Japan ne tauraro. A fim an mayar da shi ɗan damfara, aka miƙa jagoranci ga Kanar Guile mai zanen tutar Amurka a damtse.

Inda na fi saɓawa da ɗan'uwan nan shi ne kiran bijirewar Guile jarumta zalla. A sake kallon wurin. Wakilin farar hula ya zo da umarnin a dakatar da farmaki, za a biya kuɗin fansa. An nuna shi sanye da kwat, matsoraci, abin raini. Guile ya hau mumbari ya yi wa sojoji jawabi, suka yi watsi da umarnin suka bi shi cikin jiragen ruwa, kuma fim ɗin ya ba shi nasara. Abin da aka cusa wa mai kallo shi ne sulhu tsoro ne, kuma soja na da haƙƙin take umarnin farar hula idan ya ga shi ne kan daidai. Mu da muka kalli Van Damme a matsayin Guile a gidajen kallo muna yara, a zamanin Abacha, muka yi wa Kanar ɗin tafi da sowa, da wannan hujjar ce aka karanta mana sanarwar juyin mulki a rediyo sau da dama.