Tunkuza Cikin Rigar Amurka

Duk wanda ya tashi a Malumfashi ya san ɗanɗanon gyaɗa tun kafin ya iya karatu. Don haka ina ganin ina da hurumin yanke hukunci a kan alawar Amurka da ake shigowa da ita manyan kantunan Kano.

Iri biyu na ɗanɗana. Reese's, wadda H. B. Reese ya ƙirƙiro a 1928, tunkuza ce mai ɗan gishiri da aka lulluɓe da cakulan. Na ba ta bakwai cikin goma. Snickers ta kamfanin Mars, wadda ta fito a 1930, zaƙinta ya danne gyaɗar, sai ta tashi da biyar. Wajen ƙamshi kuwa, babu wadda ta kama ƙafar tunkuzar matan Ƙafur.

To, mai karatu, me suka fi mu? Sarrafawa. Amurkawa sun mayar da gyaɗar jihar Jojiya masana'anta, mu kuwa tamu a buhu take tafiya. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta samar da irin SAMNUT, koko kuma ga shi a Ondo. Ɗalibanmu masu nazarin abinci da attajiran Funtua, saura naku.