Sauya kwas a Birtaniya: shawarar dillalai da abin da doka ta ce

Akwai wata shawara da wasu dillalan neman gurbin karatu ke bai wa iyaye a Kano da Abuja, wadda ya kamata a kira ta da sunanta na gaskiya, wato ha'inci. Sukan ce yaro ya karɓi duk kwas ɗin da ya fi sauƙin samu, idan ya sauka Ingila sai ya koma wanda ransa yake so. Dillali ya karɓi la'adarsa, jirgi ya tashi, ɗalibi kuma ya tafi da matsalar da bai san yana ɗauke da ita ba.

Bizar karatu ta Birtaniya ba izinin zama ne kawai ba. An gina ta ne a kan takardar da ake kira CAS, wadda jami'a ke fitarwa, kuma a cikinta akwai sunan kwas da matakinsa da ranar farawa da ta gamawa. A kan waɗannan bayanai Ma'aikatar Cikin Gida ta yarda mutum ya shigo. Dokar ta ba da damar sauya kwas ba tare da sabuwar biza ba, amma da sharuɗɗa: sabon kwas ya zama na matakin digiri ko sama, kada ya gaza na farko a mataki, kuma a iya kammala shi cikin wa'adin bizar da ke hannu. Idan ɗaya ya faɗi, sai an nemi sabuwar biza, sau da yawa ma daga gida. Wane dillali ne yake faɗa wa uba cewa ɗansa zai iya komowa Najeriya a tsakiyar zango, ya sake biyan kuɗin biza?

Masu karatun kimiyya da injiniya a matakin digiri na biyu da na uku suna da ƙarin shinge. Wasu fannoni suna bukatar takardar ATAS daga Ma'aikatar Harkokin Waje, kuma 'yan Najeriya ba sa cikin waɗanda aka ɗauke wa ita. Takardar tana ɗaure ne da kwas guda a jami'a guda. Wanda ya sauya fannin bincikensa sai ya nemi sabuwa, ko da mai duba aikinsa ya amince da baki.

Abin takaici shi ne, ɗalibai da yawa suna ɗaukar amincewar malami ko ta sakatariyar sashe a matsayin an gama magana, wasu kuma 'yan'uwansu a zaurukan WhatsApp na ce musu su yi shiru kada su tayar da ƙura. Shirun ba ya ɓoye komai. Wajibi ne jami'a ta sanar da hukuma sauye-sauyen da suka shafi ɗalibanta, domin lasisinta na ɗaukar baƙi ya dogara da hakan. A 2024 an ga yadda Jami'ar Teesside ta kai rahoton ɗaliban Najeriya da faɗuwar naira ta hana su biyan kuɗin makaranta, har aka umarci wasu su bar ƙasar.

Ranar tonon asiri takan zo ne bayan kammala karatu, lokacin neman bizar zama don aiki, inda ake gwada abin da jami'a ta rubuta da abin da ɗalibi ya cika. Wanda aka samu da yaudara a takardar neman biza ana iya hana shi shiga Birtaniya har shekara 10. Ofishin kula da bizar ɗalibai yana cikin harabar jami'a, shawararsa kyauta ce, kuma can ya kamata a fara zuwa kafin a sa hannu a takardar sauya kwas.