Da Tsohuwar Zuma Ake Magani, Amma Ba Kowace Cuta Ba

Wayoyin tarho na jan ƙarfe da ke kai intanet gidaje a Turai suna da tsohuwar cuta, wato katsalandan. Ɗaruruwansu ake ɗaurewa cikin kebur guda, sai saƙon wannan ya riƙa yoyo cikin na maƙwabciyarta. Tun 1881 Alexander Graham Bell ya yi rajistar dabarar tufka wayoyi biyu biyu domin rage wannan, amma da aka ɗora musu saƙo mai tsananin sauri, cutar ta dawo.

Maganin zamani lissafi ne. Na'urar da ke akwatin bakin titi tana auna yoyon kowace waya cikin sauran, sa'an nan ta haɗa kishiyarsa cikin saƙon tun kafin ya tashi, su kashe juna a hanya. Na'urorin gidaje suna mayar mata da rahoton kuskure, ita kuwa tana ta gyara awonta. John Cioffi na Jami'ar Stanford da ɗalibansa suka share fagen wannan aiki, Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya kuma ta amince da shi a 2010 da lamba G.993.5. Gajeren layi yakan kai megabit 100 a daƙiƙa.

Lalle kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Sai dai dabarar ba ta cika sai dukan wayoyin kebur suna ƙarƙashin na'ura ɗaya, wato hannun kamfani ɗaya. A 2016 hukumar sadarwa ta Jamus ta ƙyale Deutsche Telekom ya yi haka a kewayen cibiyoyin tarho, abokan gasarsa suka yi ta kuka. Jamus ta sami sauri da araha, amma Sifen da Faransa suka tsere mata wajen kai zaren gilashi gidaje.

Mu a Nijeriya layukan NITEL sun riga sun shuɗe, ba mu da gadon jan ƙarfen da za a lallaɓa. Saboda haka duk ma'aikacin da aka kawo wa shawarar shimfiɗa waya, ya tsaya kan zaren gilashi, ya kuma tabbata ba a damƙa wa kamfani guda unguwa ba. Ɗaliban injiniya kuwa su riƙe lissafin da kyau, domin irinsa ne ke raba saƙonni a eriyoyin 4G da 5G. Allah ya sa mu dace.